Shekarun Inna Babba da lissafin takarda

Habibu ɗana, saƙonka ya iso, da fatan karatu lafiya. Ka ce a zaman makokin Inna Babba ka ji ana faɗin ta rasu tana da shekara 130, alhali ka karanta cewa ba a taɓa tabbatar da wanda ya wuce 122 ba. Kana tambaya me ya sa mutanenmu ke ƙara wa tsofaffi shekaru, kuma ko ya dace ka gyara musu.

Abin da ka karanta haka yake. Sunan matar da ta kai 122 ɗin Jeanne Calment, 'yar garin Arles a kudancin Faransa. An haife ta 21 ga Fabrairu 1875, ta rasu 4 ga Agusta 1997, shekara 122 da kwana 164 ke nan. Kuma ba bakinta aka bi ba. Takardar haihuwarta tana nan, ta aurenta tana nan, sunanta ya yi ta fitowa a ƙidayar garin tun tana jaririya. Har wani lauya ya ƙulla cinikin gidanta a 1965, tana da shekara 90, bisa sharaɗin zai riƙa biyanta duk wata har ta mutu. Shi ya riga ta, a 1995. Ikon Allah! A maza kuwa, wanda aka tabbatar shi ne Jiroemon Kimura na Japan, ya rasu 2013 yana da 116. Kane Tanaka, ita ma 'yar Japan, ta kai 119. An haife ta a Janairun 1903, wata guda kafin Turawa su ci Kano.

Mu kuwa a zamanin su Inna wa ke rubuta ranar haihuwa a ƙauye? Da abin da ya faru ake auna mutum: shekarar yunwa, shekarar fara, zamanin sarki wane. To zo mu auna ta da ma'aunin nata. Da bakinta ta sha gaya mana tana goyon fari ake yaƙin Hitila, wato tsakanin 1939 da 1945. Yunwar Kakalaba ta 1914 kuma ta ce a bakin mahaifiyarta ta ji labarinta. Mai shekara 130 da ta ga Kakalaba da idonta, da aurenta ma. Don haka Inna ba za ta wuce ɗari da 'yan kai ba. Ƙara da wannan: tsofaffinmu da azumi da salla suke ƙirge, shekarar Hijira kuwa kwana 354 ce, ta gaza ta Bature da kamar kwana 11. Mai ɗari a kalandar Bature yana da 103 a tamu. Ita kanta Calment da a nan take, 126 za a ce.

Amma kul ka tashi a zaman makoki ka ce dattawa sun yi kuskure. Wanda ya ce 130 ba lissafi yake ba ka ba. Nufinsa ta ga jikoki da tattaɓa-kunne, ta binne sa'o'inta duka, babu wanda ya rage a garin da zai kira ta da sunanta na yanka. Kuma ba wanda ya ci ko kwabo da wannan magana. Inda kuɗi ya shiga ne abin ke ɓaci: a 2010 hukuma a Tokyo ta je gaida wani da takarda ta ce yana da 111, sai aka tarar da gawarsa a ɗaki, ya yi wajen shekara 30 da mutuwa, iyali na karɓar fansho. Namu ma'aikatan kuma rage shekaru suke yi da takardar rantsuwa, don kada ritaya ta zo da wuri. Wannan ya fi ba ni haushi.

In kana son sanin shekarun tsoho, kada ka ce masa "shekarunka nawa", rashin ta-ido ne, kuma bai sani ba. Zauna ƙasa, ka gaishe shi, ka tambaye shi ina yake lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo a 1956, ko ya yi aure kafin a canza kuɗi zuwa naira a 1973, wa da wa aka yi musu kaciya tare. Ka fara da Baba Ɗanjuma in ka zo hutu, don shi kaɗai ya rage a cikin tsaransa, kuma kunnensa ya fara nauyi. Ka gaida mutanen gidan.