Ka kai Hajiya ta ga teku

Wa'alaikumus salam. Ƙanena, tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai da na buɗe shago na zauna tukuna, don maganar ta fi ƙarfin layi biyu. Ka ce a watan Agusta za ku je Alƙahira hutun kwana takwas, kai da maiɗakinka da yara biyu da Hajiya mahaifiyarku, kuma kana so ka yanki kwana ɗaya ko biyu ku leƙa wani gari, ko Luksor ko Iskandariyya ko Sharm el-Sheikh. Ni dai a ganina Iskandariyya za ku je, kuma ku kwana ɗaya a can. Sau biyar ina zuwa Masar daga nan Njamena, wani zuwan don sari, wani don rakiyar asibiti, kuma na taka Luksor na taka Iskandariyya, don haka abin da ƙafata ta gani zan faɗa maka.

Zan fara da Luksor, domin na lura ita ce ta fi shiga ranka. A zuwana na biyu, cikin watan Yuli, ni da wani abokina ɗan Kuseri muka haɗu da wani dillalin yawon buɗe ido a bakin masaukinmu. Ya ce mana abu ne mai sauƙi, ku hau jirgin ƙasa yau da dare, ku wuni can, ku dawo gobe da dare, kwana ɗaya kawai kuka kashe. Muka yarda. Tsakanin Alƙahira da Luksor wajen kilomita 650 ne, jirgin kuma yana cin kusan awa goma. Mun sauka da sassafe ido jajur, ba wanda ya runtsa a cikinmu. Kafin mu haye kogin Nilu mu isa kwarin da aka binne sarakunan Fir'auna, rana ta riga ta buɗe. Ka san zafin watan Afrilu a nan, lokacin da mutum ba ya iya dafa ƙarfen ƙofa? To shi ne, sai dai can tsakanin duwatsu kake, babu bishiya ko ɗaya, farar ƙasa tana mayar maka da rana a fuska. Kaburburan a cikin dutse aka haƙa su, sai ka gangara doguwar hanya ka shiga, iska ba ta motsi, sannan ka hauro. A na biyu abokina ya kama jiri, muka zaunar da shi a rumfa muna zuba masa ruwa a ka. Haikalin Karnak, mai manyan ginshiƙai 134 a zaure ɗaya, da ƙarfe biyun rana muka shige shi. Wallahi abin da na fi tunawa a wurin shi ne neman inuwar ginshiƙi. Muka sake kwana a jirgi, muka dawo Alƙahira muka yi kwana biyu a kwance. Abin da aka ce mana kwana ɗaya ne, huɗu ya ci.

Mu fa a lokacin ƙarti ne biyu. Kai kuwa da tsohuwa da ƙananan yara za ka. Ba ina kushe Luksor ba ne, wuri ne da ya cancanci a je musamman, amma tsakanin Nuwamba da Fabrairu, a jirgin sama na awa ɗaya, kuma a ba shi kwana uku nasa. In kayan Fir'auna kake so yara su gani, Alƙahira kanta ta ishe ku. Ga dalar Giza a bakin gari, ga ta Sakkara ba nisa, ga gidajen tarihi cike da kayan da aka tono daga Luksor ɗin ma.

Sharm kuwa ba zan daɗe a kanta ba. Wajen kilomita 500 ce ta mota, garin manyan otal-otal ne da masu ninƙaya, kuma irin shigar da ake yi a bakin ruwan can, Hajiya a ɗaki za ta wuni tana jan carbi. Ka biya kuɗi mai yawa don ta zauna a ɗaki.

Duk lokacin da zan ƙara wani gari a kan tafiya, abu biyu nake tambayar kaina. Wane ne mafi rauni a cikin ayarin, me jikinsa zai ɗauka? Sannan mene ne a can wanda babu shi a gida? Rana da yashi da duwatsu Allah ya ba mu. Abin da ba mu da shi teku ne. Daga nan sai ka yi tafiyar sama da kilomita 1,500 zuwa Duwala kafin ka ga ruwan gishiri, shi ya sa da yawa cikin iyayenmu har suka koma ga Allah ba su gan shi ba, in ka cire waɗanda suka hango shi ta tagar mota a Jidda.

A zuwana na huɗu na raka Baba, Allah ya jiƙansa, ganin likitan ido. Da aka ba mu hutun kwana uku kafin a sake duba shi, na ɗauke shi muka tafi Iskandariyya. Mutum ne da ya tashi a bakin kogin Shari, ya san kwale-kwale, ya san ambaliya, ba ruwan da ke ba shi mamaki. Da la'asar muka isa bakin ruwa kusa da ganuwar Ƙaitabai. Ya tsaya ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni ina ɗaya gaɓar take. Ka san a nan in ka tsaya bakin kogi kana hango Kamaru a ƙetare. Na ce masa Baba, ƙetaren wannan sai Turkiyya da Girka, ido ba ya kaiwa. Sai ya tuɓe takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya riƙe hannuna muka taka kan duwatsu. Ya kamfaci ruwan da tafin hannu ya kai baki, ya furzar, ya yi ta tasbihi. Ya ce shekara sittin yana karanta ayar da Allah ya ambaci ruwa biyu, ɗaya mai daɗi ɗaya mai zartsi, sai yau harshensa ya shaida. Har aka kira magariba bai yarda mun bar wurin ba. Bayan mun dawo gida, in baƙi suka zo yi masa sannu da zuwa, ba labarin asibiti yake ba su ba, ba kuma na dala ba, labarin ruwan nan ne.

Akwai kuma abin da na san zai taɓa zuciyar Hajiya. A unguwar Anfushi, tafiyar ƙafa kaɗan daga bakin ruwa, akwai filin da masallatai suka kewaye. Babban shi ne na Shehu Abul Abbas al-Mursi wanda ya rasu a 1287, almajirin Shehu Abul Hasan Shazali. Dab da shi ga masallacin almajirinsa Imam Busiri, mai ƙasidar Burda da muke ji tun muna yara duk watan Maulidi, kuma kabarinsa na ciki. Akwai ɓangaren mata, sai maiɗakinka ta shiga da ita. Mutane da yawa daga nan suna zuwa Alƙahira su ziyarci Azhar da masallacin Husaini da kabarin Imam Shafi'i, su dawo ba su san cewa mai Burda yana nan tafiyar awa uku ba.

Ganuwar da na ambata Sarki Ƙaitabai ne ya fara gina ta a 1477, a daidai inda tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya take kafin girgizar ƙasa ta rushe ta. Yara za su so ta, akwai lunguna da ƙananan tagogi da ake leƙen teku ta ciki. Matakalanta dai suna da tsayi, ka bar Hajiya a farfajiya ta ƙasa, iska na kaɗawa a nan ma. Babban ɗakin karatun garin da aka buɗe a 2002 yana kan hanyar bakin ruwa, ku shiga da safe kafin ku juyo in lokaci ya bari.

Batun hanya, kilomita 220 ne ko kusa da haka. Jirgin ƙasa yana tashi daga tashar Ramsis, masu saurin suna yin awa biyu da rabi zuwa uku. Ka je ka yanki tikiti kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, da fasfo a hannu, kuma ka sani kuɗin baƙo ya fi na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba. Tunda ku biyar ne, ka tambayi kuɗin shatar mota ka gwada, wataƙila su zo kusa da juna. Duk da haka ni jirgin na fi so wa tsohuwa, tana iya miƙe ƙafa, akwai ban-ɗaki, kuma yana ratsa gonaki ta Banha da Tanta da Damanhur, kore shar har inda ido ya tsaya. Hanyar mota ta cikin hamada babu abin kallo. Ku riƙe mayafi mai kauri, sanyin na'urar cikin jirgin ba na wasa ba ne. Tasha biyu ce a Iskandariyya. Za a fara tsayawa a Sidi Gabir, mutane da yawa za su sauka, kada ku bi su. Ku zauna sai ta ƙarshe, Mahaɗɗat Misr, ita ce kusa da tsohon gari. Af, Sidi Jabir ne sunan, su Misirawa jim ɗinsu ga ce. Larabcinmu na nan zai fisshe ka a kasuwa da tasi, sai dai ka roƙe su su sassauta magana.

Za ka ji masu cewa a je da safe a dawo da dare. Ana yi, amma ka yi lissafi daga ƙofar masauki zuwa ƙofar masauki, kada ka tsaya kan awannin jirgi kawai. Cunkoson Alƙahira zuwa tasha, jira, tafiya, sannan ka maimaita duka da dare, awa takwas ke nan a hanya don zaman awa biyar, kuma awa biyar ɗin na tsakar rana ne. Daɗin garin kuwa daga la'asar yake farawa, lokacin da iska ke tasowa daga teku, iyalai su fito su jeru kan katangar bakin ruwa, masu gasa masara su hura wuta. Wanda zai kama jirgin yamma a daidai lokacin yake neman tasi. Ku kwana. Ku bar manyan akwatuna a ajiya a masaukinku na Alƙahira, ku ɗauki ƙaramar jaka ɗaya da maganin Hajiya da fasfo ɗin kowa, har da takardar aure, don wasu otal-otal kan tambaya.

Ranar da za ku je ma abin dubawa ce. Agusta lokacin hutun Misirawa ne, kuma Iskandariyya suke kwarara gudun zafin Alƙahira. Hutun makonsu Juma'a da Asabar ne, don haka daga yammacin Alhamis gari ya cika, ɗaki ya yi tsada. Ku tafi Litinin ku dawo Talata, ko makamancin haka, kuma ka kama ɗaki tun kafin ku taso. Ka sa tafiyar a tsakiyar kwanakinku, kamar rana ta huɗu da ta biyar. Kada ka kuskura ka ajiye ta a jajibirin komowarku gida, jirgin ƙasa yana iya makara, na sama kuwa ba zai jira ku ba. Ka kuma tanadi katin banki mai aiki a waje, wuraren tarihi da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi a ƙofa.

Ku ci kifi. A gidajen abincin Anfushi a kan ƙanƙara ake shimfiɗa shi, kai za ka nuna wanda kake so, a gasa ko a soya. Ka tambayi kuɗin kilo, a auna a gabanka kafin ya shiga wuta. Ɗanɗanonsa daban ne da giwan ruwan Shari, Baba ya ce namu ya fi maiƙo, amma ya cinye nasa tas. Jatan lande ne ya ƙi ko taɓawa.

Yaran kuma ka riƙe su da kyau a wuri biyu. Igiyar teku ba irin ruwan kogi ba ce, tana zuwa ta doke ƙafa ta ja yashin da ke ƙarƙashinka, su tsaya iya gwiwa kana riƙe da hannunsu. Sai babban titin bakin ruwa, motoci ba sa ragewa kowa gudu, ku nemi hanyar ƙarƙashin ƙasa ko ku tsallaka tare da 'yan gari.

In Hajiya ta ce za ta ɗebo ruwan a gora ta kawo wa jikoki da maƙwabta su ɗanɗana, kada ka hana ta, Baba ma ya yi. Ka ɗaure bakin gorar da leda sosai, ka sa ta cikin akwatin da za a auna, don in tana jakar hannu za a karɓe ta a filin jirgi. Allah ya kai ku lafiya, ka gaishe min da Hajiya, in kun isa bakin ruwan ku sa Baba a addu'a.