Amsa: Shirin zuwa kallon hardcore punk karo na farko

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da za ka tanada kafin wasan hardcore punk, wato wani nau'in kiɗan rock mai tsananin sauri da ƙara, da za ka je a Landan. Fara da abin toshe kunne, domin a ƙaramin ɗaki ƙarar takan haura desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti. Kada ka makara, yawancin waƙoƙin minti 1 zuwa 2 ne, ƙungiyar mawaƙa takan sauka daga dandamali cikin minti 20 zuwa 30.

Gaban dandamali ake ture-ture da wurgi da hannu da ƙafa. Tsaya gefe, ko kusa da mai sarrafa sauti, inda kiɗan ma ya fi fita. Ɗaure takalmi tamau, silifa kam ba ta kai labari. A sahun gaba masu tsalle daga dandamali kan faɗo maka a ka, sai ka riƙa ɗaga hannu. Wanda ya faɗi, a ɗaga shi nan take.