Amsoshin Tambayoyinku: Man Ƙwallon 'Ya'yan Itace

Tambaya: Ina son sayen ƙaramin inji in riƙa matse man girki daga ƙwallon mangwaro, tunda zubar da shi ake yi.

Malam, riƙe kuɗinka. Man da ke cikin ƙwayar mangwaro bai fi kusan kashi 10 cikin 100 ba, ƙaramin inji kuwa a cikin tuƙa zai bar maka yawancinsa. Manyan masana'antu da sinadarin hekzen suke janyo shi. In matsar kake so da gaske, nemi ƙwarar manja, wadda kusan rabinta mai ne, ko busasshiyar kwakwa da ta haura kashi 60. Ka kuma shanya su su bushe ƙayau, don man ƙwarar da ta yi fumfuna ba abin ci ba ne.

Tambaya: In na tafasa man bini-da-zugu sosai, zai ciwu?

Haba! Gubarsa ba ta jin wuta. Kada ya shiga tukunya.

Tambaya: Man kwakwar da na saya wa yarana ya daskare ya yi fari da sanyi ya shigo. Hankalina ya tashi, ko ya lalace ne?

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, na kirki kika samu. Man kwakwa yana daskarewa da zarar zafi ya sauka ƙasa da digiri 24, alayyadi ma kusan haka. Sa kwalbar cikin ruwan ɗumi, zai narke garau.

Wanda bai daskare ba shi ne abin tsoro. Algus ya yi yawa a wannan sana'a, abin yana ci min rai. Za a samo mai mai arha, a ɗiga masa ƙamshin kwakwa, a manna takarda mai hoton ganye, a ninka kuɗi, mutane na rububi don an ce musu na asali ne. Ku sa kwalba a firij ta kwana. In da safe rabin ya yi tauri rabin yana malala, an haɗa shi da wani abu. Ku shinshina kafin ku biya: in ya yi ɗoyi ko yana ƙaiƙayin maƙogwaro, ya tsufa. Kwalbar da ba ta da sunan mai yi, ba ranar ƙarewar aiki, ta wuni a rana kan tebur, ku bar wa mai ita, ko da rabin kuɗi ya ce.