Me ya sa W da A suka yi nesa da juna a katin walima?

Tambaya: Malam, ina buga katin biki a Sabon Gari. Na rubuta WALIMA da manyan haruffa a Word, da na buga sai W da A suka yi nesa da juna kamar kalma biyu. Firinta ce ta lalace?

Amsa: Malam, firintarka lafiyarta ƙalau. Ita inda aka ce ta sa tawada nan take sawa. Manhajar da ka yi rubutu da ita ce ke auna mazaunin kowane harafi kafin ta tura mata.

Kowane harafi yana zaune ne cikin wani akwati da ido ba ya gani. W ta buɗe ta sama, A ta buɗe ta ƙasa, to in aka jera akwatunansu kawai, sai rata ta fito a tsakani. Shi ya sa mai zana salon haruffa (font) yake ajiye lissafi a cikin fayil ɗin salon: in A ta biyo W, a matso da ita kaza, haka T da A, haka A da Y. Awon ma ƙanƙani ne, ana raba girman harafi kashi 1000 ko 2048. Tsofaffin fayilolin salon haruffa na tsarin TrueType suna ajiye lissafin a tebur mai suna kern, tsarin OpenType kuwa, wanda Microsoft da Adobe suka sanar a 1996, yana da nasa teburin mai suna GPOS.

Sai dai lissafin yana nan kwance ne har sai manhaja ta karanta shi, kuma Word ta daɗe tana zuwa da shi a kashe. Zaɓi rubutun, danna Ctrl da D, shiga Advanced, ka yi alama a Kerning for fonts. A ƙaramin rubutu da wuya a lura, amma a babban take na kati ratar tana tsone ido.

Abin da ya fi damuna shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. In salon da ka zaɓa ba shi da Ƙ ko Ɗ, manhaja takan aro daga wani salon, kuma babu lissafin rata tsakanin salo biyu daban. Ga ƊAURIN AURE, ka yi amfani da Charis SIL ko Noto Serif, suna da su.

In kuma a wani shagon za a buga, maida aikin PDF tukuna, don yana tafiya da haruffan da mazauninsu. A CorelDRAW, Ctrl da Q yana maida rubutun zane, amma ka ajiye kwafi, don bayan haka ba ya gyaruwa.