Fatawa: Muna son shugaban 'yan leƙen asiri na fim, alhali yana zalunci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a Tudun Wada, Kaduna. Akwai wani fim mai dogon zango na ƙasar waje da muke kallo da ƙannena bayan Isha'i. Wanda ya fi shiga ranmu shi ne shugaban hukumar leƙen asiri. Ƙarya ba ta yi masa nauyi a baki, yana sa a saurari wayar abokan aikinsa, ya taɓa tura yaronsa inda ya san ba zai dawo ba, yana shan giya, aurensa ya mutu. Amma ranar da bai fito ba sai fim ɗin ya yi mana lami. Rannan ya sa aka azabtar da wani, ƙanena ya ce "maganinsa ke nan", ni ma na ji daɗi a raina. Me ke jan mu gare shi? Muna da zunubi? Hadisin nan na mutum yana tare da wanda yake so ya hana ni sakat.

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya ƙara maka tsoronsa, ɗan'uwa. Karkatar zuciyarka zuwa ga wannan mutum ba zunubi ba ce. Daɗin da ka ji sa'ad da aka azabtar da wani, shi ne abin dubawa.

Mutumin Kaduna ba sai an yi masa dogon bayani kan abin da ke jan shi ba. Mun ga harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a daren 28 ga Maris, 2022. Mun ji kukan iyayen ɗaliban Kuriga a Maris na 2024. Wanda yake da ɗan'uwa a hanyar Birnin Gwari ya san yadda ake kwana da waya a hannu. Duk sanda aka yi irin wannan, tambayar da ke bakin kowa ɗaya ce: ba wanda ya samu labari tun da wuri? Sai ga fim ya kawo maka mutumin da yake sanin abu kafin ya faru, ba ya barci don mutane su yi barci. Son mai irin wannan aiki ɗabi'a ce mai kyau. Tirmizi ya ruwaito cewa idanu biyu wuta ba ta taɓa su: wanda ya yi kuka don tsoron Allah, da wanda ya kwana yana gadi a tafarkin Allah.

Aibinsa ma yana ƙara jan ku, domin jarumin da ba ya kuskure bai yi kama da kowa ba a cikin waɗanda muka sani. Allah ya ambaci mutanen da suka cakuɗa aikin ƙwarai da mummuna a Suratut Tauba, aya ta 102, kuma bai rufe musu ƙofa ba. Yawancinmu a nan muke.

Sai dai Annabi (SAW) ya koya mana raba mutum da aikinsa. Bayan buɗe Makka, a shekara ta 8 bayan hijira, Khalid bin Walid ya kashe wasu daga Banu Jazima bisa kuskuren fahimtar maganarsu. Da labari ya iso, Annabi ya ɗaga hannuwansa ya ce ya barranta zuwa ga Allah daga abin da Khalid ya aikata, har sau biyu, kamar yadda Bukhari ya kawo. Bai daina son Khalid ba, bai fasa ba shi jagorancin runduna ba, amma bai ce "ai jarumi ne, ku bar shi" ba. Abin da fim ɗin yake ƙoƙarin raba ka da shi ke nan.

Lura da yadda ake shirya shi. Kyamara tana tare da shugaban awa bayan awa. Ka gan shi a mota ƙarfe uku na dare yana kiran 'yarsa ba ta ɗauka, ka ga hannunsa yana rawa. Wanda aka azabtar kuwa minti biyu aka ba shi, ba a nuna maka uwarsa ba, ko sunansa ba ka riƙe ba. Kuma marubucin ya riga ya tsara cewa mai laifi ne, sirrin yana bakinsa, bam yana gab da tashi. A rayuwa ba wanda yake ba ka wannan tabbaci. Wanda ake duka zai amsa abin da bai yi ba don a sarara masa, ya kuma ambaci sunan maƙwabcinsa.

Shari'a ba ta hana leƙen asirin maƙiya ba. A yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5, cikin dare mai tsananin sanyi da iska, Annabi ya tura Huzaifa bin Yaman sansanin Ƙuraishawa, ya ce ya kawo labari kada ya tayar da su. Huzaifa ya tarar da Abu Sufyan yana gasa bayansa a wuta. Ya ɗora kibiya a baka, shugaban rundunar maƙiya yana gabansa, kuma ya ce da ya harba da ya same shi. Sai ya tuna umarnin, ya sauke, ya dawo da labari kawai. Muslim ne ya ruwaito. Ina jin nauyin wannan ƙissa duk sanda na karanta ta, domin ga dama, ga hujja, amma iyakar da aka yi masa ta fi ƙarfin hannunsa.

Bin sirrin mutanen gari bisa zato kuwa, Suratul Hujurat aya ta 12 ta hana. Abu Dawud ya ruwaito cewa shugaba idan ya dinga neman abin tuhuma a cikin mutane, lalata su zai yi. Game da azaba, Hisham bin Hakim ya wuce wasu mutane a Sham an shanya su a rana an zuba musu mai a ka saboda haraji, ya ce ya ji Annabi yana cewa Allah zai azabtar da masu azabtar da mutane a duniya.

Hukunci dai shi ne: tausaya masa, yaba ƙwarewarsa da sadaukarwarsa, duk ya halatta. Yarda da zaluncinsa da ganin cewa daidai ne bai halatta ba. Gaskiya ne labarin ƙirƙira ne, ba a zubar da jinin kowa ba, don haka ban ɗora maka alhakin wani ba. Abin da nake tsoro shi ne sabo. Bakin da ya saba cewa "maganinsa ke nan" a gaban talabijin, shi ne zai faɗe ta ranar da aka nuna wani a kasuwa aka ce infoma ne, jama'a suka rufar masa ba bincike ba alƙali. Ka yi istigfari kan wannan daɗin, ya wadatar.

Hadisin da ya dame ka yana magana ne kan soyayyar da ke sa mutum jiɓinta da koyi. Idan tsare rayuka kake so a wurinsa, kana ƙin ƙaryarsa da giyarsa, ba ka shiga abin tsoro ba.

Kallon kansa yana bin abin da ke ciki. In akwai tsiraici ko izgili ga addini, ko yana sa ku makarar Asuba, ku bar shi. In babu, kai ne babba a ɗakin. Ranar da irin wannan wuri ya sake zuwa, tsayar da fim ɗin ka tambayi ƙanenka: da a ce wanda ke ɗaure a kujerar nan kama shi aka yi bisa kuskuren suna, wa zai biya shi? Ka bar shi ya amsa da kansa.

Wallahu a'alam.