Ƙanwata ta dawo daga Libiya, wai in muka kai ƙara ita za a kama

Tambaya: Salamu alaikum Hajiya. Wata mata ce ta tura ƙanwata Libiya da sunan aikatau, ta shekara tana bauta ba ko sisi, fasfo ma a hannunsu. Yanzu ta dawo ba ta barci ba ta magana, matar kuma ta aiko wai akwai sauran bashin kuɗin hanya, in muka kai ƙara ƙanwar tawa za a fara kamawa tunda da ƙafarta ta tafi. Tsoro ya hana mu motsi. Daga wani a Rigasa, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba ta lafiya. Kada ku biya ko kwabo, ba bashi ba ne, igiya ce.

Wannan magana ta "da ƙafarta ta tafi" wallahi na gaji da jin ta, kullum sai na ji, har daga bakin iyaye. To da ƙafar wa za ta tafi? Ai ba a buhu ake saka su ba, romon baka ake musu, a ce ga albashi ga ɗaki, yarinya ta hau mota da murna ta bi Kano, Damagaram, Agadas, sai an kai Sabha a Libiya ta gane an sayar da ita. Yarjejeniyar Palermo ta 2000, wato ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan safarar mutane, ta ce muddin da yaudara ko tilas, yardar da ta bayar ba ta da amfani. Dokarmu ta 2015 da NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ke aiki da ita kuma ta tanadi kada a tsare wadda aka yi safarar ta saboda rashin takardun tafiya. Matar nan ta fi ku sanin haka, shi ya sa take hanzarin tsorata ku.

Abin haushi sai dattawan unguwa su shigo, wai a rufa asiri a sasanta a zaure, a yafe rabin bashin kowa ya shafa fatiha. Asirin wa aka rufa? Wata biyu matar ta sake kwasar wasu yaran a layin bayanku.

Ku kira NAPTIP a 627, ko ku je ofishinsu na shiyya a Kano, suna da masauki da masu ba da shawara. Kafin nan kada ku goge komai a waya, saƙon murya na WhatsApp, lambar asusun da aka tura kuɗi, duk hujja ce.

Ita kuwa ƙanwar taku ku daina zaunar da ita a tsakar gida kowa na tambayar me aka mata a can. Rashin barcin nan ba aljanu ba ne, ku bar turare ku kai ta asibiti, cibiyar Salama a asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri suna duba wadda aka ci zarafinta cikin sirri. Mace guda wadda ta yarda da ita ta raka ta.