Zauren Malam: "Ɗalibaina labarin kawai suke maimaita mun"

Jama'a assalamu alaikum, ya muka ji da sanyin Jos na bana. Wasiƙu uku na ɗauko wannan makon, ta farkon ce zata ci mana fili don abin da ta tambaya ya daɗe yana damun malamai da yawa.

TAMBAYA: Baba Malam barka da war haka, ya iyali ya sanyi. Ni malamar Hausa ce a wata kwalejin ilimi a nan Filato, shekarata biyu kenan da fara aiki, ni aka ɗorawa kwas ɗin zube da na rubutacciyar waƙa na 'yan NCE 2, sun haura ɗari a aji ɗaya. Matsalata duk sanda na basu asaimen nace su yi nazarin littafi to labarin kawai zasu sake bani daga farko har ƙarshe, wancan zangon Ruwan Bagaja muka yi, wallahi Baba na zauna da takardu har ƙarfe ɗayan dare kowa yana gaya mun yadda Alhaji Imam, tauraron labarin, ya fita neman ruwan da yadda suka dinga kwasa da Malam Zurƙe kaman ni ban karanta ba, a ƙarshe su rufe da "wannan littafi yana koyar da haƙuri da juriya" shikenan. In waƙa ce kuma sai su jero jigo, salo, zubi da tsari su cike kaman fom ɗin banki. Na buga musu takardun bayani, na yi faɗa, na rage maki, ba abin da ya canza. Ni ce ban iya koyarwa ba ko yaran ne basa so?
Daga 'yarka, malama a Rikkos.

AMSA: 'Yata Allah ya yi miki albarka, ki kwantar da hankalinki. Malamar da zata kai ƙarfe ɗayan dare cikin sanyin nan tana duba takardun yara ba ita ake cewa bata iya koyarwa ba. Yaran ma ba ƙin so suke ba. Ki tuna tun daga firamare har suka gama sakandare tambayar da ake musu a adabi ita ce wa ya yi kaza, a wane gari, me ya faru bayan nan, wanda ya tuna ya ci, to shekara goma sha biyu ana ba yaro maki don ya tuna labari sai rana ɗaya kice masa ya yi "nazari", ai abin da ya saba cin abinci da shi zai kawo miki. Kuma ki gode Allah, wanda ya iya maimaita labarin aƙalla ya buɗe littafin.

Gyaran farko a bakinki yake. "Yi nazarin Ruwan Bagaja" ba tambaya bace, kaya ne aka ɗora wa yaro ba gammo. Ki basu tambayar da mutum biyu zasu iya saɓawa a kanta kuma kowa yana da abin kamawa. Ga misali daga littafin da kuka yi. Alhaji Imam da bakinsa yake ba da labarin nan, kuma duk wanda ya karanta ya san ba Zurƙe kaɗai ke shirya makirci ba, shi ma gogan naka yana yi, wani lokacin nashi ya fi zafi. To me ya sa muke gama littafin muna ganin ɗaya gwarzo ne ɗaya kuma ɗan iska? Da Zurƙe ne ya riƙe bakin labarin ya zamu gansu? Ki jefa wannan a aji ki ja baya ki gani. Ba wanda zai iya amsa ta da maimaita labari, dole ya koma ya nemo wajen da Alhaji ya yi abin kunya ya kuma duba da wane irin lafazi ya faɗe shi har muka yi dariya maimakon mu yi tir.

Sannan tarihin littafin ma kar ya zama abin haddacewa kawai. Yara sun iya rubuta cewa a 1933 aka yi gasar ƙaga labari ƙarƙashin wani Bature Rupert East a Zariya, Abubakar Imam marubucin littafin ya shiga yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, aka buga littafin a 1934, kuma gasar ce ta haifar da su Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Madalla, amma sai me? Ki tambaye su su wa aka rubuta wa, mutanen da boko bai daɗe da shigo musu ba, waɗanda suka saba jin labari da kunne a dandali da zaure, shin wannan yana da hannu a yadda labarin yake tafiya gari-gari, kowane zango da abin dariyarsa kaman mai hira yana hutawa? Nan ne shekarar ta fara yi wa ɗalibi aiki.

Yanzu bari in nuna miki abin da nake yi a makon farko, don ni bana fara wa da littafi sam. Baiti ɗaya nake rubutawa a allo wanda na shirya da kaina don aji:

Sun kwashe kuza sun koma gida,
Sun bar mana rami a ƙofar bukka,
Ya sha ruwa bai ƙoshi ba,
Ya koma cin 'ya'yan talaka.

Duk ɗan Filato ya san abin da ake nufi, kududdufan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa, ga su nan ta wajen Bukuru da Rayfield har Barikin Ladi, kuma da wuya ka sami aji da ba wanda ya san gidan da aka yi rashi a irin ruwan nan. Sai ince ku rera, ba karantawa ba, don waƙarmu ko rubutacciya ce da murya aka san ta. Daga nan in tambaya me kuka gani. Kullum hannun farko zai ce "jigonta illar haƙar ma'adinai", ince na yarda, a wace kalma ka gani? Sai aji ya yi tsit. Wata shekara wata yarinya da ke zama can baya, ko magana bata cika yi ba, ta ɗaga hannu a hankali tace Malam ai ba a faɗi sunansu ba, "sun" kawai aka ce har sau uku, su an ɓoye su amma mu an faɗi ko su waye mu, talaka. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Wani ya ɗora yace su "gida" suka koma mu kuma "bukka" gare mu. Wani yace ramin yana sha yana ci baya ƙoshi kaman dabba. Sai a lokacin nace to wannan da ka faɗa shi masana ke kira dabbantarwa, ku rubuta. Kin ga sunan ya zo bayan sun ga abin da idonsu, ba kafin ba, kuma wanda ya gano abu da kansa baya mantawa da sunan.

Abin da nake so su fita da shi ɗaya ne, kuma daga kotun alƙali na aro shi, wanda ya yi da'awa shi ke kawo shaida. Kowane sakin layi na nazari da'awa ce, sai shaida daga cikin matanin, ɗango, wato layin waƙa, ko jimla da lambar shafi, sai kuma bayanin yadda shaidar ta tsaya wa da'awar. Na ukun nan shi yara ke tsallakewa, su kawo baiti su ajiye su wuce kaman wanda ya kawo shaida kotu ya hana shi buɗe baki. Ni a gefen takarda kalma biyu na fi rubutawa da jan biro, "ina shaida?" da "sai me?", har yaran suka mayar da su sunana a bayan ido.

Batun fom ɗin banki kuwa, kar ki yar da tsarin. Hanyar da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ya shimfiɗa ta gadon feɗe waƙa, da wadda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tsara wa waƙar baka, sun yi wa fannin nan hidimar da ba zamu iya biya ba, su suka bamu kalmomin da muke magana da su a Hausa. Amma ki duba sunan da kyau, gado ne na fiɗa. Mahauci baya sayar da gadon, nama yake sayarwa. Yaro ya ce miki waƙa 'yar ƙwar huɗu ce, wato layi huɗu a kowane baiti, amsa-amonta "ka", gaskiya ne, amma bai feɗe komai ba tukuna sai ya faɗi abin da hakan ya yi wa waƙar, misali a baitin can amsa-amon shi ya ɗaure "bukka" da "talaka" har kunne ya ji su abu ɗaya ne. Ki ce musu ba dole sai sun cike kowane gurbi ba, su zaɓi biyu da suka fi magana a waƙar da ke gabansu su zauna a kai.

Na san zaki ce Baba mutum ɗari fa. To ki daina karɓar shafi biyar-biyar. Sakin layi ɗaya, a cikin aji, da hannu, minti goma sha biyar, a rabin fallen takarda. Ki duba abu ɗaya kawai a kowane mako, wannan makon da'awa, mako mai zuwa shaida. Ki zaɓi biyu, mai kyau da mai rauni, ki cire suna ki kwafe a allo su da kansu su faɗi wanne ya fi kuma don me, amma dan Allah kar ki bari a gane mai raunin, yaro in ya ji kunya sau ɗaya a gaban aji ya rufe baki kenan har ya gama makaranta. Dogon rubutu sai ƙarshen zango, kuma ki bari su gyara su sake kawowa ko sau ɗaya ne, don a gyaran ake koyon rubutu. Ki rubuto mun bayan sati shida in ji yadda ake ciki.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibi ne, ɗan ƙabilar Angas ne ni daga wajen Pankshin amma a Jos na tashi, Hausa nake karanta kuma ina son adabi sosai, sai dai duk takardata jan biro ne, wai ina cewa "mace ya zo" kuma bana sa ƙugiya a ƙ da ɗ. Abokaina suna cewa in canza kwas tunda ba yarena bane. In canza?
Daga ɗanka a Farin Gada.

AMSA: Ɗana kar ka canza. Abu biyu ne aka haɗe maka, ido mai ganin abin da ke cikin matani, da hannu mai rubuta daidaitacciyar Hausa. Na biyun koyonsa ake, kuma 'ya'yan Hausawan Gangare da Dilimi ma jan biron suke sha a kan jinsi da ƙugiya, Hausar Jos ce haka ta tashi a bakin ƙabilu da yawa kuma ba abin kunya bace, sai dai takardar jarrabawa da daidaitacciya ake rubuta ta wadda aka gina kan karin Kano. Ka sami ƙamus, na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006 yana nuna jinsin kowane suna, na Bargery na 1934 ma yana intanet. Kullum ka kwafe rabin shafi daga littafin da aka tace da hannunka, kana yi kana furtawa. In ka gama asaimen ka bi shi sau ɗaya ba don ma'ana ba, "ya" da "ta" kawai zaka farauta. Kuma kana da abin da abokan naka basu da shi, kana da tatsuniyoyi da waƙoƙin Angas a kunnenka, ranar da aka zo firojet ka kwatanta su da na Hausa, irin aikin da muke nema kenan bamu cika samu ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, yanzu yara ChatGPT suke sa wa ya rubuta musu sharhi, ya zamu yi?
Daga wani malami a Bukuru.

AMSA: Malam na ga irinsu, Hausar sumul amma in ka duba sai ka tarar da baitin da babu shi a waƙar ko tauraron da marubucin bai taɓa ƙirƙira ba. Bana ɓata lokaci wajen bincike da rantsuwa. Duk wanda ya kawo aiki ya zo da littafin a hannu, in zaɓi jimla ɗaya daga abin da ya rubuta ince buɗe mun shafin da ka samo wannan ka karanta mun, minti biyu ya isa. Maki mafi yawa kuma ka mayar da shi kan rubutun cikin aji. Ka sanar da su wannan tsarin tun ranar farko ta zango don kar wani yace an yi masa kwanton ɓauna.

Mai tambaya daga Kwararafa kan bambancin kamantawa da siffantawa, taka ta iso, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.